Jirgin da ba shi da fiffike: wa zai ɗauki nauyinsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wani ƙagaggen labari da zai faru shekara 200 nan gaba, kuma ina so jiragen saman da ke cikinsa su zama ba su da fiffike kwata-kwata. Na zana wani mai siffar faifai, na zana wani kamar ƙwai, sai wani abokin karatuna ya ce duk shirme ne, babu abin da zai tashi ba fiffike. Shin gaskiyarsa ne? In ba haka ba, wace irin siffa zan ƙirƙira wadda masanin abin ba zai raina ta ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abokin karatunki bai yi daidai ba. Ɗan Adam ya tashi sama ba fiffike tun kafin a san jirgi mai fiffike: a watan Nuwamba na 1783 mutum biyu suka tashi a birnin Paris cikin balan-balan ɗin da 'yan'uwan nan Montgolfier suka haɗa, shekara 120 cur kafin 'yan'uwan Wright su tashi da nasu jirgin a 1903. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma shi ne zai fi yi miki amfani. In na fahimce ki da kyau, abin da kike nema shi ne: idan na cire fiffike, me zan ba mai karatu a madadinsa har ya yarda cewa abin nan yana sama?

Na daɗe ina koyar da yadda iska ke gudana a jikin abin hawa, ina kuma ƙera ƙananan jiragen gwaji tare da ɗalibai. Duk wanda ya kawo mini zanen jirgi, komai kyansa, tambaya ɗaya nake fara yi masa: wa ke ɗauke da nauyin nan? Ke ma ita zan yi miki.

Aikin da fiffike yake yi

Fiffike ɗan dako ne. Yana ratsa iska, yana karkatar da ita zuwa ƙasa, ita kuma tana tura shi sama daidai gwargwadon yadda ya danna ta. Abin da ya sa ya yi fice shi ne tsawonsa: yana taɓa iska mai yawan gaske, yana danna ta a hankali. Danna iska mai yawa sannu a hankali ya fi danna 'yar kaɗan da ƙarfi sauƙin mai nesa ba kusa ba. Shi ya sa injin babban jirgin fasinja, idan ya daidaita a sama, turin da yake yi bai wuce kilo ɗaya ba a kan kowane kilo 17 zuwa 20 na nauyin jirgin. Jirgin shawagi marar inji, mai dogayen fikafikai, idan aka sake shi a tsayin kilomita ɗaya yana iya tafiyar kilomita 40 ko fiye kafin ya taɓa ƙasa.

To idan kika sallami wannan ɗan dakon, kayan suna nan, sai dai ki nemo wani. Ko dai ki danna iska ko hayaƙi ƙasa ta wata dabarar, ko ki sa jirgin ya yi iyo a cikin iska kamar yadda kwalekwale ke yi a ruwa, ko kuma ki jingina shi da wani abu da ke ƙasa. Duk wani jirgi marar fiffike da aka taɓa ƙerawa, a cikin waɗannan yake. Jirgi mai saukar ungulu kuwa wayo ya yi mana: abin da ke juyawa a kansa fikafikai ne sirara, aka sa su suna zagaye wuri ɗaya maimakon dukan jirgin ya yi gudu. Ƙananan jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu ma haka ne. In kin yarda da wannan wayon, aikinki ya yi sauƙi. In ba ki yarda ba, mu ci gaba.

Faifan da kika zana

Bari in fara da faifai, don shi ne ya fi jan hankalin masu zane, shi ne kuma ya fi ba injiniyoyi wahala. Mu ɗauka faifanki da mutanen cikinsa nauyinsu tan ɗaya ne, kuma fanka ce a tsakiyarsa take hura iska ƙasa. Idan faɗin fankar mita 10 ne, ƙaramin ƙarfin da za ta buƙata don ta tsaya cik a sama shi ne wajen kilowat 70, iskar da ke fita ƙarƙashinta kuma tana gudun kamar kilomita 50 a awa. Idan kika matse fankar ta koma mita 2, don ta ɓuya a cikin faifan ya yi kyan gani, ƙarfin da ake buƙata ya koma kilowat 350, iskar ƙarƙashinsa kuma ta haura kilomita 250 a awa. Wato kin raba faɗin biyar, kin ninka ƙarfin biyar. Wannan lissafi ne na fanka marar aibi, ta gaske sai ta ci fiye da haka.

Ki tsaya a kan adadin nan na biyu, domin labarinki yana cikinsa. Iskar kilomita 250 a awa guguwa ce mai tumɓuke bishiya. Ƙaramin faifai mai nauyi ba zai sauka a tsakar gida mutane suna tsaye suna kallo ba. Zai kwashe tsakuwa ya yi jifa da ita, zai yaye rufin ɗaki, ƙararsa za ta hana mutum jin maganar na kusa da shi. Marubucin da ya sa wa irin wannan jirgi filin sauka na musamman mai katanga, ya sa masu tarbarsa suna fakewa suna toshe kunne, na san ya yi tunani. Wanda ya sauke shi shiru a kan ciyawa ko ganye bai motsa ba, ya ci bashin da bai biya ba.

An gwada faifan nan da gaske. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Avro na Kanada, da kuɗin sojan Amurka, ya ƙera wani da ake kira Avrocar, ƙirar injiniya John Frost. Faɗinsa wajen mita biyar da rabi, injuna uku suna juya fanka ɗaya a tsakiya, ana fitar da iskar ta gefen faifan. An sa ran zai yi gudun ɗaruruwan kilomita a awa. Abin da ya iya bai wuce tashi kamar mita ɗaya daga ƙasa ba, da gudun wajen kilomita 56 a awa, aka dakatar da aikin a 1961. Da zarar ya ɗan ɗaga sama, sai ya fara tangaɗi yana karkata ta kowane gefe kamar faranti da aka murza a kan tebur yana shirin kwanciya.

Wannan tangaɗin na gan shi da idona. Mun taɓa ƙera ƙaramin faifai da farin soso marar nauyi, faɗinsa santimita 60, da fanka ɗaya a tsakiya. Ƙarfin tashi bai zama matsala ba ko kaɗan. Yakan ɗaga har tsayin gwiwa, ya yi lilo sau biyu ko uku, ya kife. Sau uku muna gyara shi yana maimaita haka. Da muka sa masa ƙananan fankoki a gefuna da na'urar da ke auna karkata tana gyara ƙarfin kowace fanka sau ɗaruruwa a daƙiƙa, sai ya tsaya. Amma da muka tura shi gaba, sai wata matsalar ta fito: gabansa ya riƙa ɗagawa sama yana neman juyawa ta baya. Dalili kuwa shi ne, faifai idan yana ratsa iska, ɗagawar da yake samu ta fi taruwa a rabinsa na gaba, alhali nauyinsa yana tsakiya. Faifan roba da ake jifa da shi a wasa yana tsira daga wannan ne saboda yana juyawa kamar katantanwa. Jirgin da ke da mutane a ciki kuwa, in zai juya, sai dai bakinsa ya juya ɗakin mutanen ya tsaya, kuma wannan ma wata ƙira ce mai kyau da za ki iya ɗauka.

Wani kuskure da nake yawan gani a zane: a ɗora injin a can sama, mutane su rataya a ƙasa, a ce ai nauyi zai riƙe shi a miƙe kamar guga a bakin igiya. Ba ya yi. Guga yana miƙewa ne don igiyarsa tana ɗaure da abin da ba ya motsi, shi kuwa injin da ke manne da jikin jirgi, in jirgin ya karkata tare suke karkata. Robert Goddard da kansa, masanin roka ɗan Amurka, a rokarsa ta farko mai aiki da ruwan mai a 1926, a sama ya sa injin, daga baya ya mayar da shi ƙasa.

Tarihin jirage marasa fiffike cike yake da wannan yaƙin na daidaito. A 1954 kamfanin Rolls-Royce na Birtaniya ya tashi da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da injin jet biyu, wanda mutane suka yi wa laƙabi da gadon ƙarfe mai tashi, ana daidaita shi da 'yan bututun da ke fesa iska a gefuna. Irin wannan ne NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sa aka ƙera don koya wa 'yan sama jannati sauka a wata, kuma a watan Mayu na 1968 ɗaya ya ƙwace wa Neil Armstrong, sai da kujerar tsira ta harbo shi waje 'yan daƙiƙu kafin abin ya faɗi ya kama wuta. Injiniya ɗan asalin Jamus, Alexander Lippisch, ya tsara wani da ya kira Aerodyne, ƙaton bututu da fanka a cikinsa da wasu faranta a baya masu karkatar da iskar, kamfanin Dornier ya gwada shi ba matuƙi a 1972, ya tashi, amma ba a ci gaba da aikin ba. A nan ne labarinki yake da sa'a, domin abin da waɗancan suka rasa, wato kwamfuta mai saurin gyara karkata, yau yana cikin ƙaramin jirgin wasan yara. Daidaito ya zama matsalar da aka ci ƙarfinta.

Wadda ba a ci ƙarfinta ba ita ce ta makamashi. Ɗamarar roka da kamfanin Bell ya nuna a 1961 tana ɗaga mutum, amma na daƙiƙa 21 kacal. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin zamani kusan sau 50, ko an cire asarar da injin mai ke yi tazarar ta fi ninki goma. In kina son faifai, a nan za ki yi ƙirƙirarki: ki ba mutanen labarin wata ma'ajiyar makamashi marar nauyi da ba mu da ita. Amma ki bar musu guguwar da ƙarar, don waɗannan ba batir ne ke kawo su ba.

Ƙwan kuwa, ya fi faifan dama

Siffar ƙwai tana iya tashi ta hanya biyu, kuma dukansu an yi su.

Ta farko ita ce iyo. Ki ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Iskar da ke cikinsa a bakin teku nauyinta kamar kilo 1.2 ne. In kika fitar da ita kika cika shi da hiliyom, wani gas da bai kai iska nauyi ba, akwatin zai iya ɗaga wajen kilo ɗaya, in haidurojin ce ya ɗan fi haka kaɗan. Ke nan tan ɗaya yana buƙatar akwati dubu, wato ƙwallo mai faɗin fiye da mita 12. Wannan shi ne farashin iyo: girma. Hindenburg na Jamus tsawonsa mita 245 ne, cikinsa ya ci akwati 200,000 na haidurojin, duk don ya ɗauki mutanen da ba su kai 100 ba a tafiyarsa ta ƙarshe, gudunsa kuma bai wuce kilomita 135 a awa ba. Ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu 1937, mutum 36 suka mutu.

Duk da haka ina ƙaunar wannan hanyar, kuma ina ganin marubuta suna yi mata riƙon sakainar kashi. Jirgi mai iyo ba ya kashe ko sisi na makamashi don ya tsaya a sama. Girma kuma abokinsa ne: in kika ninka tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, fatarsa ta ninku sau huɗu, cikinsa kuwa sau takwas. Ga jirgi mai fiffike ko fanka lissafin juyawa yake yi, nauyi ya ninku takwas, wurin taɓa iska huɗu. Don haka in kina son gari guda a sama, da tituna da lambuna, iyo ne kaɗai zai ba ki shi. Matsalolinsa kuma duk abin ba da labari ne. Yana ƙona mai yana rage nauyi, sai ya riƙa neman hawa sama da kansa, har jiragen sojan ruwan Amurka na shekarun 1930, Akron da Macon, suka riƙa tatsar ruwa daga hayaƙin injinsu don su mayar da nauyin da suka rasa. In ya sauke kaya tan 20, dole ya ɗauki tan 20 na ruwa ko yashi a take, in ba haka ba ya yi sama. Iska mai ƙarfi a lokacin sauka kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa, don jikinsa kamar katanga yake a gabanta. Akron da Macon ɗin nan dukansu a cikin hadari suka faɗa teku.

Akwai wani tsohon mafarki da ya dace da labarinki. A 1670 wani malamin coci ɗan Italiya, Francesco Lana de Terzi, ya zana kwalekwale rataye da ƙwallaye huɗu na jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsu ƙaf. Tunaninsa daidai ne, babu abin da ya kai wofi rashin nauyi. Abin da ya hana shi ne iskar waje tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, duk ƙwallon da ya yi siririn da zai tashi sai ta murƙushe shi. Marubuci yana iya ƙirƙiro wani ƙarfe da zai jure. Sai dai ki sani, ɗagawar da za ki samu ba za ta fi ta haidurojin da abin da ya wuce kashi 7 cikin ɗari ba, don haka jirgin ba zai ƙanƙance ba. Ribarsa a wani wuri take: ba ya kama wuta, ba ya jiran a kawo masa gas, yana sauka ta hanyar shigar da iska, ya tashi ta hanyar zuƙe ta. In kuma ya tsage, ba fashewa zai yi ba, lotsawa ciki zai yi a ƙiftawar ido.

Hanya ta biyu ita ce jikin jirgin da kansa ya yi aikin fiffike. A 1963 NASA ta ƙera wani abu mai siffar rabin ƙwai da siraran katako, M2-F1, aka fara jan sa da mota ƙirar Pontiac a kan busasshen tafki a jihar Kalifoniya har ya ɗaga. Daga baya aka yi na ƙarfe masu roka, ana sakin su daga ƙarƙashin fiffiken jirgin B-52. Ɗaya daga cikinsu, HL-10, ya kai kusan ninki biyu na gudun sauti, ya hau sama da kilomita 27 a 1970. Sun tashi, sun sauka, ba fiffike. Amma ki dubi farashin: a duk mita uku zuwa huɗu da suka yi gaba sai sun yi mita ɗaya ƙasa, suna kuma taɓa ƙasa da gudun wajen kilomita 300 a awa, kuma in matuƙi ya kuskure saukar babu damar sake zagayowa. A 1967 wani daga cikinsu, M2-F2, ya riƙa lilo hagu da dama gab da sauka, ya yi ta ƙundumbala a ƙasa, matuƙinsa Bruce Peterson ya rayu amma ya rasa ido ɗaya. Da aka sake gina jirgin sai aka ƙara masa tsayayyen faranti na uku a tsakiyar bayansa. Irin wannan ƙira tana da amfani ga abin da ke dawowa daga sararin samaniya, inda zafi kan cinye siraran fikafikai. Ga jirgin da zai kai mutane gari zuwa gari kuwa, ɓarnar mai ce.

Gudu kansa yana rage buƙatar fiffike. A 1983 wani jirgin yaƙi F-15 na Isra'ila ya yi karo da wani a wurin atisaye, ya rasa kusan dukan fiffikensa na dama, matuƙin ya ƙara wuta ya sauke shi da gudu mai tsanani, saboda faffaɗan jikin jirgin ya ɗauki wani kaso na nauyin.

Akwai wasu dabarun da zan wuce su da sauri. Ganga mai juyawa a cikin iska tana samun turi ta gefe, abin da ke sa ƙwallon da aka murza ta lanƙwasa, kuma jirgin ruwan da Anton Flettner ya sa wa irin waɗannan gangunan ya ƙetare tekun Atlantika a 1926. A jirgin sama aibinta shi ne, in gangar ta daina juyawa ɗagawar ta ƙare nan take. Akwai kuma tura iska da lantarki ba tare da wani abu mai juyawa ba: a 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka tashi da irin wannan jirgi, nauyinsa kamar kilo biyu da rabi, ya yi mita 60 a cikin zauren wasanni. Shiru yake tafiya, abin sha'awa, amma turin ya yi ƙanƙantar da sai da suka sa masa fikafikai na mita biyar. Maganaɗisu kuwa jingina ce. Jiragen ƙasa masu shawagi a Sin da Japan 'yan santimita kawai suke ɗagawa daga titinsu, kuma ba sa barin sa. In kika ba mutanenki titin da zai ɗaga jirgi mita ɗari, kin yi ƙirƙira babba, amma kin samu duniyar da wanda ya mallaki titi shi ya mallaki sama, kuma wannan ba ƙaramin jigon labari ba ne.

In injin ya mutu fa?

Wannan ita ce tambaya ta biyu da nake yi wa ɗalibai, kuma a ganina ta fi ta farko auna zane. Jirgi mai fiffike in injinsa ya mutu yana shawagi ya nemi fili. Mai saukar ungulu yana sakin fikafikansa iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya su, ya sauka da ita. Mai iyo ba ya faɗuwa, sai dai iska ta tafi da shi inda ta ga dama. Faifai mai fanka kuwa dutse ne. Daga tsayin mita 100 bai fi daƙiƙa biyar ba ya iso ƙasa. Al'ummar da ke hawa irin wannan jirgi kullum dole ta yi wa abin tanadi: injuna da yawa ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta kayar da shi ba, laimar da roka ke buɗewa, dokar hana bi ta kan gidaje, da wani tsayi da matuƙa ke tsoro, wanda ya yi nisan da faɗuwa za ta kashe amma bai kai laima ta buɗe ba. Ki sa matuƙanki su ba wannan tsayin suna. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne ke sa mai karatu ya ji ƙafarsa a cikin jirgin.

Wata mafita ita ce ki bar jirgin ki canza duniyar. A duniyar Mars kaurin iska bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, shi ya sa Ingenuity, ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ya tashi can a watan Afrilu na 2021, nauyinsa kilo 1.8 ne kawai amma sai da farfelarsa mai faɗin mita 1.2 ta yi juyi wajen 2,500 a minti. A Titan, ɗaya daga watannin duniyar Zuhal, abin ya juya: iska ta ninka tamu kauri fiye da sau huɗu, jan ƙasa kuma kamar kashi ɗaya cikin bakwai ne na namu, don haka tsayawa a sama yana cin wajen kashi ɗaya cikin 40 na ƙarfin da yake ci a nan. Faifanki mai ƙaramar fanka zai tashi a can cikin sauƙi. A duniyar Zuhura kuma, a tsayin kamar kilomita 50, iskar da muke shaƙa ita kanta tana ɗaga balan-balan, saboda iskar can ta fi ta nauyi, har mutum zai iya zama a cikin gas ɗin da ke riƙe da shi. A 1985 kumbunan Vega na Tarayyar Sobiyet suka saki balan-balan biyu a sararin Zuhura, kowanne ya yi kusan kwana biyu yana aiko da bayanai.

Batun na'urar kashe jan ƙasa kuwa, babu wani tabbataccen gwaji da ya nuna ana iya yin haka. Haƙƙinki ne ki ƙirƙire ta, amma ki bi ta har ƙarshe. In nauyi ya zama abin kashewa da maɓalli, me ya sa mutanenki suke gina gada, suke tuƙa jirgin ruwa? Me zai hana mugu ya ɗaga dutse tan dubu a kan gari ya sake shi? Lana de Terzi kansa ya yi wannan tunanin, har ya rubuta cewa a ganinsa Allah ba zai bari a ƙera jirginsa ba, saboda babu garin da zai tsira daga hari ta sama.

Da ni ne ke rubuta labarin, ƙwan zan ɗauka, in ɗan baje shi ya zama mai faɗi, in haɗa hanyoyin nan biyu: gas ya ɗauki mafi yawan nauyin, jikin ya ɗauki ragowar idan yana tafiya, fankoki a gefe su yi aikin tuƙi da sauka. Ba mafarki ba ne zalla, don jirgin Airlander 10 mai tsawon mita 92 ya tashi a Ingila a 2016 da wannan tsarin. Ƙwai mai tsawon mita 60, faɗin 25, kaurin 15 yana ɗaga wajen tan 12 da hiliyom, kuma a cikin tan 12 ɗin nan har da fatarsa da injunansa da mansa. Ki bar shi ya ɗan fi iska nauyi, don in ya tsaya ya zauna a ƙasa da kansa ba sai an riƙe shi da igiyoyi ba. Faifan kuma ki bar wa sojoji da masu ceto, waɗanda za su yarda su biya guguwa da ƙara da haɗari don su samu sauri.

Lissafin da na ba ki na ƙiyasin farko ne, irin wanda ake yi kafin a fara zane na gaske, ya isa labari amma bai isa a ɗora rai a kansa ba. Abin da hannuna ya ƙera kuma ƙananan jirage ne da ba sa ɗaukar mutum, ƙaramin abu kuwa yana yafe kurakuran da babba ba ya yafewa. In kin sake zana ƙwan, ki rubuta tsawonsa da faɗinsa da adadin mutanen da kike so ya ɗauka ki turo mini, mu duba tare ko gas ɗin zai isa.